Lamba Shida Na Karanta, Ba Tabarau

Sallama gare ku masu bibiyata. Na ga saƙonninku. Wata ta rubuto wai, "Baba, tsofai-tsofai da kai me ya kai ka labarin soyayya?" Yi haƙuri 'yata, soyayyar ba tawa ba ce, ta Autata ce, ni dai hannu na tsoma na dagula. Wani kuma ya ce na cika yabon kai. To ɗana, in ka yi shekara talatin da takwas a jami'a ba tare da ka taɓa zama a aji ba, ka ga bayan magatakarda bakwai, aka yi rage ma'aikata sau uku iska ko hularka ba ta taɓa ba, gobara ta kama benen gudanarwa ka fito da akwatin makullai a ka rabin gemunka a ƙone, to sai ka zo mu zauna.

Ga wanda yau ya fara karantawa: ni ne mai riƙe makullan benen gudanarwa. Makulli ɗari biyu da goma sha huɗu, kowanne da lambarsa, kowanne da ƙugiyarsa a cikin akwatin katako da ke ɗan ɗakina na ƙarƙashin matakala. Baƙaƙen rubutu a jikin ƙofofin ofis na fara gane su, marigayiya matata ta ƙarasa mini. Hausa ina karantawa a hankali, da yatsa ɗaya nake buga muku wannan. Turanci kuwa sai dai in karance shi a fuskar mai faɗa. Amma lamba! Ku tsaya ƙarshen baranda ku ɗaga makulli, in faɗa muku lambarsa. Shekarata sittin da huɗu, tabarau bai taɓa hawa hancina ba.

Ku riƙe wannan alfaharin, shi ne ya ci ni.

Doka ɗaya na tsaya a kanta duk tsawon aikina: babu ƙofar da za ta zauna da makulli ɗaya. Kowace tana da na ko-ta-kwana, kuma a wajena yake. Farfesa ya yar da nasa, wajena zai zo. Magatakarda ya manta nasa a gida, wajena zai aiko. Da wannan dokar na ci abinci, da ita na yi wa Auta makaranta har ta gama digiri a jami'ar da ubanta ke share matakalarta. Ranar da aka ɗauke ta aiki a ofishin jarrabawa, hawa na biyu, ƙofa mai lamba tamanin da ɗaya, sai da na bi ofis-ofis ina faɗa, har wanda bai tambaya ba. Ita ke shigar da makin ɗalibai a kwamfuta. 'Yar mai makulli!

Watanta uku da farawa ta dawo daga hutu ta manta kalmar sirrinta, ta wuni ba ta yi aiki ba. Da la'asar tana cire takalmi a bakin ƙofa tana ba Goggonta labari. Goggon nan yayata ce, tun rasuwar matata take zaune da mu.

Na ce, "Ina ta ko-ta-kwana?"

"Baba, ba ta da ta ko-ta-kwana. A kai ake riƙewa."

"Kan da ya manta yau? Rubuto mini in rataye."

Ta yi dariya, ta zaci wasa nake. "An hana, Baba. Takarda na sa wa hannu cewa ba zan ba kowa ba."

"Ni ne kowa?"

Nan fa na hau. Na jero mata magatakarda bakwai da suka ba ni amanar ofisoshinsu. Na tuna mata gobara. Na tuna mata goyon da na yi mata a kafaɗa ranar da zazzaɓi ya kusa tafiya da ita. Kwana biyu ina ture kwanon abinci. Yaya ta sa baki, "Ke Auta, a kan 'yan baƙaƙe za ki kashe mini ƙane? Ba shi mana, ai ko ya gani ba ganewa zai yi ba."

Rana ta uku ta miƙo mini 'yar takarda a ninke, ba ta dube ni ba. Na huda, na zura zare, na rataye a ƙugiyar ƙarshe. Duk wata uku ana sa su canzawa, duk wata uku ina miƙa hannu, tana sa mini sabuwa. Tsofaffin ma ban yar ba. Mai makulli ba ya yar da makulli.

Samari biyu suka neme ta. Na farko wani yaro ne a sashen kwamfuta, siriri, mai kaurin tabarau, rigarsa ɗaya ruwan toka kamar da ita aka haife shi. Ni na sa masa Malam Doka, sunan ya bi shi har gaban shugabanninsa. Shi ne mai bin ofisoshi yana ɓanɓare takardun da mutane ke mannawa a jikin kwamfuta, yana cewa a kulle allo in za a tashi ko da shan ruwa ne. Ni ma bai ƙyale ni ba.

"Baba, an buɗe wa kowane ma'aikaci asusu. Naka har yau da kalmar da muka ba ka ta farko yake. Ka zo mu canza, minti biyar."

"In ajiye me a ciki, tsintsiya?"

"Ƙofa ce, Baba, ko ba komai a ɗakin."

"Kai za ka koya mini ƙofa? Ina kulle ƙofa uwarka ba ta yaye ka ba."

Takardar da ya ba ni ita ma na huda na rataye, ban ƙara bi ta kanta ba. Ranar da ya zo gida gaishe ni da niyyarsa, ya durƙusa gumi na tsatsafo masa, na bar shi a tsugune ina gyara rediyo har ƙafarsa ta yi sanyi. Saƙonsa ga Auta ma abin dariya ne. Lokacin da wayarta ta faɗa bokiti, ta sa lambata a asusunta kafin ta sayi sabuwa, don akwai wasu lambobi da ake turowa kafin a shiga. Ta sayi wayar, ta manta ba ta cire tawa ba. Sai ga saƙon masoyi, ta karanta wa Goggonta:

"Barka da yamma. Kin cire lambar Baba daga asusunki? Yau sati uku ina tuna miki."

Yaya ta riƙe ciki. "Wannan zance yake ko sammaci?"

Ni na fi kowa dariya. Auta ta rubuta masa "Gobe in sha Allah," ta kife wayar.

Na biyun kuwa, kafin ka gan shi hancinka ya gaya maka. Mai Turare. Farar riga mai guga kamar takarda, agogo mai ruwan zinariya, takalmi kana ganin fuskarka a ciki. Ya ce shi ke kawo wa ofisoshi takarda da tawada. Bai fara ta wajen Auta ba, ta wajena ya fara, kuma a lokacin na ɗauka tarbiyya ce. Zai sunkuyo ya shigo ɗan ɗakina, ya zauna a bencin da ko masinja ba ya yarda ya zauna, ya zuba mini shayi daga fulas ɗinsa.

"Baba, ƙara ba ni labarin gobarar nan. Jiya na ba abokaina, sun ce ƙarya ne."

Sau nawa na ba shi? Allah kaɗai ya sani. Duk bayarwa wutar tana ƙara tsawo. Shekaru ina ba da labarin nan mutane suna duba agogo, yau ga mai agogon zinariya bai duba nasa ba.

Ranar da ya fara zuwa gida, Yaya ta sauya labulen falo, ta ɗauko kofunan da ba a taɓawa, ta lulluɓe keken ɗinkin marigayiya da sabon zane. Auta ta fito da doguwar riga shuɗiya da mayafi ruwan madara, ta zauna can bakin kujera kusa da firji. Bayan ya tafi ƙamshinsa ya kwana biyu a matashin kujera. Saƙonninsa kuwa, safe da rana:

"Sarauniyar hawa na biyu, kin karya kuwa?"

"Na wuce ta ƙasan tagarki, ban gan ki ba, ranar ta lalace."

Yaya ta ce, "Yauwa, ga zance."

Sai dai wata rana Auta tana ninke kaya ta ce, "Baba, mutumin nan ya cika tambaya. Yaushe muke rufe shigar da maki, wa ke dubawa bayana, ko ina aiki daga gida."

Na ce, "Da bai damu da ke ba zai tambaya? Ke dai kin saba da mai sammaci."

Ta ci gaba da ninke kayanta. Na matsa, Yaya ta matsa, shi kuma ya iya bakinsa. A hankali na ga ta fara murmushi in wayarta ta yi ƙara. Wannan murmushin ni na dasa shi, kuma shi ya fi komai ci mini rai yanzu.

Wata Laraba da hantsi yana zaune a bencina na buɗe akwati zan ba mai shara makulli. Ya leƙa ya riƙe baki.

"Baba, duk jami'ar nan a hannunka take!"

Da na yi shiru a nan, da yau ba ku da labarin karantawa. Amma sai na ji kaina ya kumbura. Na ce, "Waɗannan ai ƙarafa ne. Akwai makullin da ba ƙarfe ba, ko magatakarda ba shi da shi." Na ciro 'yar takardar Auta, na warware, na ɗaga masa.

Ya kawar da kai. "A'a Baba, mayar, wannan sirri ne, bai kamata in gani ba."

Kun ji fa. Har na ce a raina, ga ɗan mutunci. Na ƙara matsar masa da ita don ya ga rubutun 'yata mai kyau. Wayarsa na hannunsa, wai yana duba saƙo. Da mai shara ya kira ni baranda, na bar shi da akwatin a buɗe. Ni, da ban taɓa barin magatakarda shi kaɗai da akwatin nan ba.

Ranar Asabar wajen sha ɗaya na safe ina zaune ƙofar gida ina wanke hula, Auta da Goggonta sun tafi kasuwa, ya kira.

"Baba, na sa sunanka wajen likitan ƙashi saboda gwiwar nan. Yanzu za su turo maka wasu lambobi. Ko da yake ƙanana ne, bari in zo in karanta maka, kar ka wahalar da idonka."

Idona? Ya san inda ya taɓa.

"Kai yaro, zauna inda kake."

Wayar ta yi ƙara. Layi biyu na Turanci, lamba shida a tsakiya. Daga baya aka fassara mini layin ƙasa: kada ka faɗa wa kowa. Na miƙar da hannu nesa don in ƙara wa abin armashi, ko da yake ba mai kallona sai kajin maƙwabta, na karanto masa su ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, kamar mai kiran sunaye a taro.

"Kai, Baba! Ba tabarau?"

"Ba tabarau."

Sati biyu bayan haka Auta ta dawo gida da azahar, lokacin da ba na tashi ba. Na dawo cin abinci na tarar da ita a tsakiyar falo da jakarta a kafaɗa, ba ta zauna ba, ba ta cire takalmi ba. An dakatar da ita. Ɗalibai goma sha tara da suka faɗi sun wayi gari da makin cin jarrabawa, kuma duk da sunanta aka shiga aka canza. Wani malami ne ya ga yaron da bai taɓa zuwa ajinsa ba ya fi kowa maki.

"Ban yi ba, Baba."

"Na sani! Gobe zan hau wajen magatakarda, ni da shi..."

"Sun ce duk abin da aka yi da asusunka, kai ka yi. Haka takardar da na sa wa hannu ta ce."

Ta kira Mai Turare. A kashe. Ta sake, a kashe. Yaya ta ce wataƙila caji ne. Har yamma tana kira. Washegari na zaga ofisoshi ina tambayar mai kawo takarda da tawada, kowa ya ce ai ya ɗauka baƙona ne.

Kwana biyu sai ga Malam Doka da la'asar, da rigarsa ruwan toka. Bai shigo ba, ya tsaya bakin ƙofa. Ina daga ɗaki ina jin su.

"An shiga ranar Asabar, sha ɗaya da minti goma. Lambobin tabbatarwa an tura su wayar da ta ƙare da arba'in da bakwai."

Wayata ce. Hular da na wanke ranar tana kaina.

Auta ta ce, "Kar ka kai sunan Baba."

"Ba zan iya ɓoye abin da na'ura ta rubuta ba. Kuma in ba a yi bayani ba, za su ce ke kika ɗauki wayarsa don ki ɓad da sawu. Kora ce, da sunan sayar da maki. Ba inda zai ƙara ɗaukarki."

"Na ji."

Bai ce mata ai na faɗa miki ba. Na kasa kunne in ji ya faɗa, don in samu abin jin haushinsa. Bai faɗa ba.

Da ya tafi ta ɗaga labulen ɗakina. Idonta a bushe.

"Baba, shi ka karanta wa?"

Na buɗe baki in kawo gobara, in kawo magatakarda bakwai. Ba wanda ya zo.

"Ya ce likitan ƙashi ne."

"Takardar fa?"

Na sunkuyar da kai.

"To ka ji. Saura wata biyu ka ajiye aiki, za a ba ka takardar yabo a gaban mutane. Shekara talatin da takwas. Ba ruwanka a maganar nan. Ni na rubuta, ni na bar lambarka, ni na sa hannu. Ka yi shiru."

Yanzu ga abin da ya sa na kwana uku ban iya buga wannan kashin ba. Na yi shirun. Kwana huɗu. Ina fita da safe, ina buɗe ƙofofi, ana "Baba Makulli, ya haƙuri da abin da ya samu yarinya?" ina cewa ƙaddara ce. Har wajen tela na je gwajin rigar da zan sa ranar karɓar takardar yabo. Na tsaya gaban madubi, tela yana cewa ta zauna, ni kuma ina duba kafaɗa. Mutumin da ya shiga wuta saboda ƙarafa ya kasa buɗe baki saboda 'yarsa. Ku rubuto ku zage ni, wannan karon ba zan rama ba.

Ranar Litinin aka kawo mini takarda: a buɗe ɗakin taro na hawa na uku ƙarfe tara, kwamitin ladabtarwa zai zauna. Makulli mai lamba sittin da uku. Da hannuna na buɗe. Na zuge labule, na goge dogon teburi, na jera kujeru biyar a bayansa. Sai mai shara ya ce, "Baba, saura ta mai laifi." Ya jawo wata kujerar roba ya dasa ta ita kaɗai a tsakiyar ɗaki, tana fuskantar biyar ɗin. Ƙafarta ɗaya ta ɗan gajarta, tana rawa.

Na tsaya ina kallon kujerar nan. Na ninke kwali na sa a ƙarƙashin ƙafar don kar ta yi rawa da 'yata. Ina durƙushe a wajen na ji abin da nake yi. Iyakar abin da zan yi mata ke nan, kwali?

Na sauka, na ɗauko akwatin gaba ɗaya, na ɗora a ka kamar ranar gobara.

Da na turo ƙofa sun riga sun fara. Auta na kan kujerar, da baƙar riga da farin mayafi, hannuwanta a cinya. Malam Doka na gefe da kwamfutarsa. Shugabar kwamitin wata farfesa ce mai furfura, wadda na sani tun tana ɗaliba tana roƙona in buɗe mata aji ta yi karatu.

"Baba Makulli, zama muke."

"Ranki ya daɗe, na sani, ni na buɗe ɗakin. Shekarata talatin da takwas a gidan nan, magatakarda bakwai..."

"Baba, ba tarihinka muka zo ji ba."

"To yau ba shi na kawo ba."

Auta ta ce, "Baba, don Allah ka fita."

Na sauke akwatin a kan teburin da na goge. Na ciro 'yan takardun nan da zarensu, goma sha ɗaya, na jera. Na ajiye wayata kusa da su. Na faɗi komai: kwanon da na ture, shayin fulas, Laraba, Asabar, likitan ƙashi. Har "ba tabarau" sai da na faɗa, wani a cikinsu ya sunkuyar da kai yana danne dariya, kuma ban ga laifinsa ba. Malam Doka ya duba wayata, ya nuna musu kiran Mai Turare, sha ɗaya da minti takwas, da saƙon da ya biyo baya.

Farfesa ta ɗaga takarda ɗaya da bakin biro. "Baba, ka san waɗannan su ne shaidar cewa ta karya doka sau goma sha ɗaya?"

Wallahi ban yi wannan tunanin ba. Na zaci in na ɗauki laifin, na ɗauke shi duka, kamar yadda ake ɗauke akwati. Na ce, "Ni na tilasta mata. Ku kore ni."

"Kai naka daban." Ta juya wajen Auta. "Kin sa hannu cewa ba za ki ba kowa ba?"

"Na sa, ranki ya daɗe."

"Ko da mahaifi ne?"

Auta ta dube ni, karo na farko cikin kwana huɗu. "Takardar ba ta ce ban da mahaifi ba."

A ranar aka karɓi akwatin. Na ƙirga wa wanda zai gaje ni makullai ɗari biyu da goma sha huɗu, bai ko iya riƙe su daidai ba. Aka ce in tafi hutun ajiye aiki tun yanzu, ba taro, ba takardar yabo. Rigar tana wajen tela, ban koma ba. Da na sauko matakala aljihuna ba ya ƙara. Shekara talatin da takwas ana jin tahowata tun daga nesa, ranar har na wuce masu gadi ba wanda ya ɗago.

Hukuncin Auta ya ɗauki kwana tara. Jiya da hantsi masinja ya kawo ambulan, ni na karɓa a ƙofa. Na kai dubban irinsa ofis-ofis, ban taɓa jin nauyin takarda ba sai jiya. Tana zaune kusa da keken uwarta, Yaya na tsintar shinkafa a tire. Ta farke, ta karanta, ta sake karantawa.

Yaya ta ce, "Ke, faɗi mana."

"Sun wanke ni daga sayar da maki. Ba su kore ni ba."

Yaya ta saki tire ta ɗaga hannu sama. Ni ma na fara, "Ai na faɗa muku, ni da na shiga..."

"Sun rage mini mataki. Sun cire ni daga ofishin jarrabawa, ba zan ƙara komawa ba. Ɗakin tsofaffin fayil za ni, can ƙasa."

Na san ɗakin. Lamba ɗari biyu da tara. Ba taga. Ni na ce ta hau hawa na biyu, ni na sauko da ita ƙasa da inda na fara.

Ta ninke takardar. "Ranar Litinin za su ba ni sabuwar kalmar sirri."

Jama'a, ku ji abin kunya. Hannuna ya miƙu da kansa. Shekara uku ya saba. Sai da na ga idonta a kan tafina sannan na san na miƙa. Na janye shi a hankali na cusa a aljihun da ba makulli.

Muna cikin haka wayata ta yi ƙara. Na ciro. Layi biyu na Turanci, lamba shida a tsakiya. Idona ya fara karantawa da kansa, na kife ta a ƙirji, na kai mata da hannu biyu.

Ta duba, ta ɗago. "Wannan ba tawa ba ce, an rufe tawa. Taka ce, Baba. Wani yana ƙoƙarin shiga asusunka yanzu haka."

"Ni ina da abin shiga?"

"Takardarka ma ba a akwatin take ba?"

Tana ciki. Ƙugiya ta biyun ƙarshe. Ƙofa ɗaya tak da aka ba ni da sunana, ita ce ban taɓa kullewa ba.

Wayar ta sake ƙara, wannan karon kira ne, baƙuwar lamba. Auta ta katse. Ta ɗauki tata ta lalubo wani suna, na hango ta gefen ido, ba Malam Doka ta rubuta ba, sunansa na gaskiya ta sa, wanda ni ban taɓa tambaya ba. Ta danna, ta miƙo mini.

"Ni ba zan yi magana ba. Ƙofarka ce."

Yaya ta ce, "Yaron da ka bari a tsugune?"

Ta yi ƙara sau ɗaya. Sau biyu. Na nemi bakin kujera na zauna. Aka ɗauka.

"Salamu alaikum," in ji shi, a hankali, da muryar wanda ya zaci wata ce.

Na cire hulata, ko da yake ba ya ganina.

"Ɗana, ni ne. Minti biyar ɗin nan da ka ce... har yanzu kana da su?"